Tsoron Titi, Ciwon Ɗaki: Waiwaye kan Zaman Baƙo a Landan

Gargaɗin da ake yi wa mai tafiya Landan bai sauya ba tun zamaninmu. Daren da zai tashi, idan an gama addu'a an shafa, sai kawunai da gwaggonni su shiga jero masa: ban da yawon dare, ka kiyayi 'yan wuƙa, ka duba abin da za ka sa a baki kada a ciyar da kai alade, sanyin garin kuwa sai ka ninka riga. In saurayi ne, wata gwaggo za ta ja shi gefe ta ƙara da maganar 'yan matan Turawa. Duk gaskiya ne, ko dab da gaskiya. To amma tun farkon shekarun 2000 nake zaune a garin, na tarbi baƙi, na kai wasu asibiti, na raka wasu makwanci, kuma da wuya in tuna wanda abin da aka lissafa masa a zaure ya kayar. Abin da ke cin baƙo a Landan galibi a ɗakinsa yake iske shi, ƙofa a kulle.

Ba wai tsoron titin ba shi da tushe ba ne. Lokacin da muka zo, sunan Damilola Taylor ne a bakin kowane ɗan Najeriya. Yaro ɗan shekara 10, an kawo shi daga Legas a watan Agustan 2000 saboda yayarsa na neman maganin farfaɗiya. Ranar 27 ga Nuwamban shekarar, yana dawowa daga laburaren Peckham, aka soke shi da fasasshiyar kwalba a cinya, jini ya ƙare masa a matakalar wani bene. Bai cika wata huɗu a garin ba. Sai kuma 7 ga Yulin 2005, da bama-bamai suka tashi a jiragen ƙarƙashin ƙasa uku da motar bas ɗaya, suka kashe mutum 52. Bayan wannan rana, duk mai gemu da jakar goyo ya san yadda ake buɗa masa wuri a jirgi, ba don girmamawa ba.

Amma in aka koma ga lissafi, sai a ga wani abu dabam. A garin da a yau ke da mutum kusan miliyan 9, kisan kai ya kai wajen 200 a shekara a farkon shekarun 2000. A 'yan shekarun nan ya sauko kusa da 100. Kisan ya ragu, tsoron ya ƙaru, kuma ni dai WhatsApp nake zargi. Uwa tana Gwammaja za ta ga bidiyon wanda aka daɓa wa wuƙa a wata unguwar da ɗanta bai taɓa takawa ba, ta kira shi da asuba tana salati, shi kuwa daga bakinta yake jin labarin.

Abin da ya ƙaru da gaske shi ne ƙwacen waya. Mutanen Kano ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan, illa dai salon nan ya bambanta. Kana tsaye bakin titi, kanka a sunkuye kana duba hanya, sai keke mai lantarki ya hawo inda masu tafiya a ƙasa ke bi, ba ƙara ba hayaƙi, yaro fuska a rufe ya miƙa hannu. Iska kawai za ka ji. Kafin ka ɗago ya sha kwana, tafin hannunka na nan a buɗe yadda ka riƙe wayar. 'Yan sandan Landan sun ƙirga wayoyi kimanin 80,000 da aka sace a 2024. Da a zamaninmu ne, da sai a ce asarar 'yar Nokia ce, Allah ya mayar da alheri. Yau ba haka ba ne, domin garin ya kwashe rayuwar baƙo kaf ya zuba a cikin wayar. Mu bizarmu a fasfo aka manna ta, daga baya aka koma kati, daga ƙarshen 2024 kuwa ta koma intanet. Kuɗin mota da tsaba muke biya kafin katin Oyster ya fito a 2003, kuma tun Yulin 2014 direban bas ba ya karɓar tsabar kuɗi ko da za ka yi masa kuka. Banki a waya, taswira a waya, ganin likita a waya, shaidar izinin zama da mai gidan haya zai nema kafin ya ba ka makulli, wadda doka ta wajabta a Ingila tun 2016, ita ma a waya. Wanda aka fizge wa tasa a makonsa na farko ba shi da kuɗin komawa gida, ba shi da lambar kowa a ka, sau da yawa ma bai haddace adireshin inda yake kwana ba.

Mu ba mu da ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma muna da masu tarba. Hausawan Landan a lokacin 'yan ƙalilan ne, kusan kowa ya san kowa: ma'aikatan sashen Hausa na BBC a Bush House, inda gidan rediyon ya zauna har 2012, da ɗalibai, da ma'aikatan ofishin jakadanci, da manyan da ke zuwa ganin likita su koma. Ranar Juma'a a babban masallacin Regent's Park, in ka tsaya a farfajiya bayan an idar, hula kawai za ka bi. Ba ka isa ka sauka Heathrow ba tare da wani ya san da zuwanka ba. Ni wani dattijo ɗan Katsina ne ya karɓe ni, kuma makon farko bai bar ni na fita ni kaɗai ba. Ya saya mini littafin taswirar A–Z da katin kiran gida irin wanda ake kankarewa. Ya koya mini tsayawa a hannun dama a matakalar lantarki. A bakin titi ya riƙe mini hannun riga ya ce dama zan fara dubawa, ba hagu ba. Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu tun 1972, Birtaniya kuwa tana nan a kansa, saboda haka wuyan ɗan Najeriya ya saba juyawa inda mota ba ta fitowa. Sai wata safiya ya ce in ɗauko fasfo za mu wurin likita.

Na ce, "Alhaji, ai lafiyata ƙalau."

Ya ce, "To shi ya sa za mu je yau, yaro. A garin nan ba ranar ciwo ake neman likita ba."

Yaran yanzu suna sauka sun riga sun san lambar motar da za su shiga, sun kalli titin gidansu a Google tun suna Zariya. Hanya ba ta ɓace musu. Sai dai babu mai ja su zuwa wurin likita ranar da suke lafiya, babu kuma mai shiga ɗakin da suka kama ya shinshina.

Ɗakin nan shi ne maganar. Gidajen haya da yawa a Landan tsofaffin gine-ginen bulo ne, wasu tun zamanin Sarauniya Biktoriya, an yayyanka su ɗaki-ɗaki ana ba baƙi. Ɗalibi yakan iso a Satumba, gari da sauran ɗumi. Oktoba na kamawa sai ya yi abin da hankalin duk wanda ya san hunturun gida zai ba shi: ya rufe taga ruf, ya toshe 'yar kafar iskar da ke bango da tsumma, ya shimfiɗa tawul a ƙarƙashin ƙofa. Ba rana, don haka a ɗaki yake shanya. A ɗakin yake cin tuwonsa da zafinsa, wani ma a ciki yake ɗora tukunya. Gas ya yi tsada, musamman tun 2022 da yaƙin Yukiren ya tashi, saboda haka hita sai na awa ɗaya kafin barci. Ɗakin ya koma madambaci: tururin girki da na wanki da na numfashi ba su da mafita, sai su kwanta a bangon da ya fi sanyi. Hunturunmu bushewa ne, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi. Na nan jiƙa ne, kuma dabarar da ke maganin wancan ita ke haddasa ciwo a wannan.

Wani hunturu na je duba ɗan ƙanwata da tari ya ƙi sakinsa. Tun daga bakin ƙofa na ji warin. Na ce ya kama mini mu ja wadirob ɗin. Bangon da ke bayansa baƙi ƙirin daga ƙasa har kafaɗata, da ɗigo-ɗigon ruwa a jiki. Shaddarsa ta sallah, wadda uwarsa ta ɗinka masa ya taho da ita, ta yi tabo-tabo ruwan toka daga wuya har aska. Takalmin fatar da ke ƙasa ya tsiro gashi. Kan gadonsa bai fi taku ɗaya daga wannan bango ba.

Ya ce, "Kawu, na gaya wa mai gidan. Cewa ya yi in riƙa buɗe taga."

Mai gidan bai yi ƙarya ba, amma rabin gaskiya ya faɗa, rabin da ba zai ci masa ko fam ɗaya ba. Ɗaya rabin shi ne magudanar ruwan saman da ta fashe a waje tana jiƙa bangon. Wannan amsa ta a buɗe taga, laifin yadda kuke zama ne, baƙi sun daɗe suna shan ta. Sai da aka rasa rai aka fara jin kunyar faɗinta. Awaab Ishak, yaro ɗan shekara 2 wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a Disambar 2020 a Rochdale da ke arewacin Ingila, bayan mahaifinsa ya yi ta kai ƙorafin fumfunar gidansu. A Nuwamban 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ta tabbatar cewa daɗewa yana shaƙar fumfunar ce ta kashe shi, kuma a 2023 aka yi dokar da ake kira da sunansa, wadda ta ɗaure masu gidajen hukuma da na ƙungiyoyin gidaje su gyara irin wannan cikin ƙayyadadden lokaci. Ci gaba ne. Amma sabon zuwa ba a gidan hukuma yake sauka ba, a hannun ɗan kasuwa yake, wani lokacin ma a hannun ɗan haya da ya sake ba da haya ba takarda.

Akwai kuma 'yar farar na'urar da ke manne a silin. Duk gidan Bahaushiya ko Babarbariya a Landan an yi wannan rigima: an ɗora turaren wuta a kasko, hayaƙi ya tashi, na'urar ta kama ihu, maƙwabta sun fito. Maganin da aka saba yi shi ne a sa mata safa a ɗaure, ko a cire batirin a ajiye a durowa da niyyar mayarwa anjima. Anjimar nan takan kai shekara. Tun 2015 doka ta tilasta wa masu gidajen haya a Ingila sanya na'urar hayaƙi a kowane hawa, kuma dole a duba kayan gas sau ɗaya a shekara a ba ɗan haya takardar shaida. Kaɗan ne daga cikinmu ke tambayar takardar. Tukunyar gas da ke ɗumama ruwa in ta lalace tana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Gawayin da aka hura a rufaffen ɗaki ma haka. Alamarta ciwon kai da jiri da kasala, wato daidai abin da mutuminmu zai ce gajiya ce ya haɗiyi Panadol ya ja bargo.

Wanda ya ga gobarar benen Grenfell ba ya ƙara ɗaure na'ura da safa. Daren 14 ga Yunin 2017, cikin azumi, firji ya kama wuta a hawa na huɗu na wani bene mai hawa 24 a yammacin Landan, wutar ta bi rufin da aka lulluɓe jikin ginin da shi ta haye sama cikin mintoci. Mutum 72 suka rasu, da yawansu baƙi ne ko 'ya'yan baƙi. Wasu da suka tsira sun ce Musulmin da ba su kwanta ba saboda sahur ne suka buga musu ƙofa. Rahoton ƙarshe na binciken, a Satumbar 2024, ya ce babu mutuwa ɗaya a ciki da ba za a iya kauce mata ba. Tun daga ranar, duk gidan da na raka baƙo dubawa, matakala nake fara nema kafin in tambayi kuɗin haya.

Sai duhu. An gaya mana sanyi, ba wanda ya gaya mana duhu. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba duk su shige cikin awa huɗu kana wurin aiki. In kuma azumi ya faɗo a Yuni, sai bayan ƙarfe 9 ake shan ruwa, kamar azumin 2016 da ya haura awa 18. Daga Oktoba zuwa Maris ranar ƙasar ba ta da ƙarfin da fata za ta sarrafa bitamin D da ita, baƙar fata kuwa ta fi jin jiki, shi ya sa hukumomin lafiya ke ba irinmu shawarar shan maikirogiram 10 kullum, rani da damina. Ciwon ƙashi da kasalar da matanmu ke fama da su, musamman masu cikakken lulluɓi da ba sa fita sosai, sau tari wannan ne, ba sammu ba. Amma ƙwaya ba ta maganin ɗaya gefen. A gida, in ba a gan ka a sahun asuba kwana biyu ba, wani zai yi sallama a ƙofarka. A nan kuna iya haɗa kicin da mutum shekara guda ba ka san sunansa ba. Na san amaryar da aka kawo a watan Nuwamba, miji na aikin dare yana barcin rana, ita kuwa daga taga sai waya. Da ta fara kuka ba dalili, ruƙiyya aka fara nema mata. Ban hana ruƙiyya ba; na dai ce a haɗa da likita, a kuma haɗa ta da matan da ke taruwa ran Asabar.

Likitan ma ya sauya. Tsarin kula da lafiya na NHS, wanda aka kafa a 1948, ta hannun likitan unguwa ake shigarsa: shi zai duba ka, shi zai tura ka gaba. Ba a tsallake shi sai abin gaggawa, wanda ake kira wa 999, lambar da aka fara amfani da ita a Landan tun 1937. Abin da bai kai haka ba a kira 111. Wanda ya saba shiga kemis ya ce a ba shi maganin taifod da allura biyu zai sha mamaki: ba a sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da takardar likita, ko farasitamol ma kanti ba ya ba ka fiye da fakiti biyu. Da farko mutum yakan ɗauka rowa ce. Ni yanzu ina ganin wannan na cikin abubuwan da suka fi mu. Inda suka ja baya shi ne jira. Jerin masu jiran aikin asibiti a Ingila bai wuce miliyan 2.5 ba a 2010, a 2023 ya haura miliyan 7.5. Neman ganin likitan unguwa ya zama tseren ƙarfe 8 na safe a waya, kuma wanda Turancinsa bai nuna ba, ko wanda tarbiyyar gida ta koya wa cewa "da sauƙi" ko yana mutuwa, shi ake bari a baya. Nakan ce da baƙi: kunya da kawaici a bar su a ƙofar asibiti, a faɗi ciwo yadda yake.

Mu kyauta muka sami wannan tsari. Tun Afrilun 2015 baƙo biya yake yi tun kafin ya taso: an fara da fam 200 a shekara, a Fabrairun 2024 ya kai fam 1,035, ɗalibai da yara fam 776. Magidanci da matarsa da 'ya'ya biyu a bizar shekara uku, fam 10,866 ke nan a dunƙule, ban da kuɗin bizar kanta. Abin takaicin, na ga waɗanda suka biya wannan duka amma shekara ta zagayo ba su yi rajista da likita ba.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne 'yan zangon baya-bayan nan. A Fabrairun 2022 gwamnati ta buɗe biza ga masu aikin kula da tsofaffi, mutane suka yi ta kwarara daga Najeriya da Zimbabuwe da Indiya. Dillalai suka shiga tsakani suna sayar da takardar ɗaukar aiki a kan dubban fam, alhali ba abin sayarwa ba ce. An sayar da filaye da gwala-gwalai. Wasu sun iso sun tarar ba aikin, wasu sun tarar da aikin awa 12 a tsaye, ga ɗaga tsofaffi har baya ya riƙe. Bizar a ɗaure take da mai ɗaukar aikin. In ya sallame ka kwana 60 gare ka ka sami wani, saboda haka ba mai buɗe baki. A Maris ɗin 2024 aka hana su zuwa da iyali, a Yulin 2025 aka rufe ƙofar ɗauko sababbi daga waje. Da yawansu a kujerar falon wani suke kwana, kuma sun ɗauka wanda ba shi da adireshi ba ya ganin likita. Ba haka ba ne. Ƙa'idar NHS a Ingila ita ce rajista da likitan unguwa ba ta buƙatar shaidar adireshi ko ta biza, ko da ma'aikacin karɓar baƙi ya nuna akasin haka, kuma sashen gaggawa ba ya korar kowa. Irin wannan bayani yana nan a intanet ga mai nema. Sai dai wanda ya sauko daga aikin dare ba ya nema. Sai an zaunar da shi an gaya masa, in ta kama a raka shi. Zaurukan WhatsApp na 'yan Arewa suna ƙoƙari, kuma ba a fin su saurin haɗa kuɗin jana'iza in an yi rashi. Da ma a ce rabin wannan hanzari ana yin sa tun mutum na tari.

Akwai ciwo ɗaya da ba a Landan ake ɗaukarsa ba, amma zaman Landan ne ke jawo shi. Wanda ya tashi inda sauro yake yana da ɗan sabo da zazzaɓinsa a jini, sabon kuwa yana gushewa in an daɗe ba a cije shi ba. Mutum ya shekara biyar a nan, ya tafi gida hutun Agusta da 'ya'yan da ba su taɓa ganin gidan sauro ba, a ce ya sha maganin rigakafi ya ce shi da aka haifa a Fagge. A 2023 an sami fiye da mutum 2,000 da suka shigo Birtaniya da zazzaɓin cizon sauro, adadi mafi yawa cikin sama da shekara 20, kuma akasarinsu masu ziyarar dangi ne a Afirka, ba Turawa 'yan yawon buɗe ido ba. Zazzaɓin yakan tashi bayan an dawo, likitan da ba a gaya wa an yi tafiya ba kuwa mura zai fara zato. Don haka kalmar farko a gabansa ita ce daga Najeriya na dawo, ko daga Nijar, a yi gwajin jini a ranar. Maganin rigakafin galibi da kuɗinka za ka saya, kuma a nan ake samun gardama. Bara wani ƙanena ya cika akwatuna biyu masu kilo 23 da turare da takalma da cakulan na tsaraba, ya biya kuɗin akwati na uku, sannan ya kira ni yana mitar tsadar ƙwayoyin yara uku. Na ce ya cire turare biyu.